Geron da Inna Ta Binne

Daga Allah muke, kuma can za mu koma. Wannan karon uwar mijina ce ta riga mu, wadda duk ƙauyen nan, yaro da babba, ke kira Inna. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a ƙarshen bazara, ana ta duban gabas ruwan farko bai zo ba.

Ni dai ban taɓa ganin zaman makoki mai surutu irin nata ba. Mace za ta shigo da "ya haƙuri?", kafin mu gama cewa "da godiya" ta baje a tabarma ta kama labari. Wata ta ce Inna ta taɓa bin ta da muciya har ƙofar gida don ta zubar da ruwan surfe da tsaba a ciki. Wata ta ce ita ta karɓi haihuwarta ta fari, ta kuma zage ta tas don ta yi raki. A zaure kuwa danginta na hayin rafi, masu zuwa coci, suna zaune tabarma ɗaya da liman, wani dattijo a cikinsu, ɗan ƙaninta, yana kuka bai ko rufe fuska ba. Har wani mai sayen hatsi ya taso daga kasuwar Dawanau, ya yi addu'a, sannan ya aiko cikin gida a tambaye mu wai wa zai riƙe irin geron yanzu. Ka ji mutum! Ko kwana ba ta yi a kabari ba.

Sai wajen la'asar aminiyarta ta bayan gidanmu ta shigo, jikoki na riƙe da ita don ƙafa ta ƙi. Ba ta yi mini gaisuwa ba. Ta kama hannuna ta ce, "Amarya, ta sha kuwa?"

Na ce, "Ta sha, Gwaggo."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta jingina da bango, sai a lokacin ta fashe da kuka.

Matan da ke wurin suka yi ta kallon juna. Kunun gero take nufi. Inna ta fi shekara arba'in gero bai shiga bakinta ba, ita da duk yankin nan ke shuka irin geronta. Yaran yanzu sun ɗauka ɓata mata ciki yake yi, don haka take gaya musu. Mu biyu muka rage da muka san dalili, ni da tsohuwar nan, ita kuma ga yadda ta koma. Shi ya sa na ce bari in faɗa tun ina da baki.

"Amarya" take ce mini tun ranar da aka kawo ni gidan nan, har na yi furfura na aurar da jikoki ba ta canja ba. In na ce, "Haba Inna, amarya babu haƙora?" sai ta ce, "Ni na kai kayan aurenki, ni zan faɗi ranar da kika tsufa." Gajeriya ce, baƙa, da faso a dunduniya wanda zai ɓoye ƙwayar wake. A gidan masu bin al'adar gargajiya aka haife ta, inda mace ke riƙe fartanya kamar namiji. Ta musulunta ta auri surukina, ta riƙe salla gam, amma babu wanda ya iya raba ta da gayaunarta, ɗan filin da take nomawa da hannunta. Mijin ya yi faɗan har ya gaji, ya rasu ya bar ta da fartanyarta.

Da kaka, kafin a ɗaure dami ko ɗaya, sai ta bi gona tana zaɓen zangarniya, dogaye masu cikar ƙwaya. Ba ta yarda su shiga turmi. Da tafin hannu take murje su, ta gauraya da toka, ta zuba a wani baƙin tulu, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta. Wannan shi ne iri. "Abin rumbu namu ne," in ji ta, "abin tulu na waɗanda ba a haifa ba ne." In ƙwaya ɗaya ta faɗi a tsakar gida sai ta duƙa ta tsince, tana yi wa kaji gori wai da su aka yi noman?

Gayaunar tata a kan wani kufai take, gabas da ƙauye, inda manyan kukoki ke tsaye babu gida ko ɗaya kusa da su. Shekarata ta farko ta ja ni can ɗibar ganyen kuka, mijina yana ƙunƙuni ta yi kamar ba ta ji ba. Ta kafta ƙasa da fartanya, sai ga fasassun tukwane masu wani zane da ban taɓa gani ba. Ta nuna mini wasu ramuka zagayayyu da ƙasa ta cike, ta ce marina ce, nan ake rini.

"Gari ne nan, Amarya, babba," ta ce. "Kakata ta ji daga tata kakar, ita ma ji ta yi. Tun ba a gama zagaye birnin Kano da ganuwa ba. Sama ta ɗauke musu shekara da shekaru, rijiyoyi suka ƙafe. Bayan yunwa sai annoba. Mutum ya kwanta lafiya, ya tashi da kumburi a hammata, kafin jibi an kai shi. Suka yi ta binnewa har aka rasa mai haƙa. Waɗanda suka rage suka ce shi ke nan, duniya ta tashi. Suka zauna a gindin kukokin nan suna jiran sama ta faɗo."

Na ce, "To, ta faɗo?"

"Ke, ɗaga kanki ki duba mana!" Ta yi dariya, sannan ta ɗauki guntun tukunya tana juyawa. "Tasu duniyar ce ta tashi. Amma wata a cikinsu ba ta cinye irinta ba. Ba mu san sunanta ba, ba mu san kabarinta ba, ga shi muna cin tuwonta."

Ashe a kan mutane muke tsaye. Na dubi kukokin nan, na tuna sun ga wancan gari da idonsu, ga su kuma suna kallona ni 'yar jiya da kwandon ganye. Ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Sai ga namu ya zo. Damina ta yi gardama shekara bayan shekara, rumbuna suka koma gidan ɓera. A shekarar da ta fi muni, ruwa ya sauka aka yi shuka, ya ɗauke, yabanya ta ƙone. Ya sake yayyafi aka sake shuka, ta sake ƙonewa. Iri ya ƙare a gidaje, wanda ya rage da ɗan kaɗan ya daka ya sha. Shanu na faɗuwa a bakin hanya. Mutanen arewa suna wucewa da 'ya'yansu a kan jakuna, ko sallama ba su da ƙarfin yi. Mazajenmu, har da nawa, suka tafi birni neman abin da za su aiko. Mu kuma muna cin tafasa da yaɗiya da dusa. Ana cikin haka kyanda ta shigo tana bin yara gida-gida. Wata rana kuma, ana tsakiyar yini, hasken rana ya dushe har kaji suka nufi akurki. Daga nan aka ce alamomi sun cika. Da safe sai ka ga manya sun fito ƙofar gida suna duba ta ina rana za ta ɓullo, gabas ko yamma.

Baffa, ƙanin surukina, shi ne limamin ƙauye a lokacin. Mutumin kirki ne, kada wani ya ce na zage shi. Ya sallaci gawar yara har muryarsa ta dushe, ciki har da na gidansa. Shi ya ce a tashi a yi gabas, in ƙarshen ya zo ya same mu a hanyar Makka. Wasu ba su ko jira shi ba, suka bar gonakinsu suka kama hanya. Ya shigo ya tsuguna a ƙofar ɗakin Inna, ina jin su.

"Yaya, ki haɗa kayanki ke da yarinyar nan. Duniyar ta ƙare. Ko kin shuka, wa zai ci?"

"Malam, an aiko maka da ranar ne?"

"Subhanallahi! Sanin ranar sai Allah."

"To tunda sai shi, ban ga dalilin ajiye fartanya ba. In an busa ƙaho ina gona, ai ba za a rasa inda nake ba."

Baffa ya girgiza kai ya fita, ya ce Juma'a mai zuwa ta sama za su tashi, ta yi tunani.

Ina da 'ya ɗaya a lokacin, 'yar fari, kuma sunan Inna aka sa mata. Kunya biyu ke nan a kaina: ba na faɗin sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane. Inna kan ce mata Takwara, mu ma muka bi. Na yaye ta da wuri don na samu wani cikin, aka kai ta ɗakin kakarta kamar yadda ake yi. A bayan Inna take yini, a gadon Inna take kwana. Kyanda ta kama ta. Ƙurajen suka bushe, amma bakinta ya yi miki, ta ƙi dusa, ta ƙi ganye. Magana ɗaya ta rage mata, da 'yar muryar da sai ka kasa kunne: "Inna, koko."

Ga ta kwance a kan gado, ga tulu a ƙarƙashin gadon. Na san Inna ta ba da iri an yi shukar nan biyu da suka ƙone, na kuma san ta rage abin da zai cika ƙwarya ta sake liƙewa. Ita kuwa tun sassafe take fita tonon gidan tururuwa, ta dawo da 'yan ƙwayoyin ciyawa a gefen zane, hannunta duk cizo, ta niƙa ta dama. Yarinya ta kurɓa ta tofar.

Ranar da na ga wuyanta ya kasa ɗaukar kanta, na ajiye kunya na shiga na durƙusa.

"Inna, tafi ɗaya. Tafi ɗaya kawai ki ba ni in dama mata."

Ta ci gaba da fifita yarinyar da faifai.

"Takwararki ce fa! A bayanki take yini."

"Na sani, Amarya. In na fasa lakar nan yau, gobe ma za ta nema, kuma zan ba ta. Jibi aminiyata ta shigo da nata jikan a kafaɗa, in ce mata me? Kafin ki ankara tulu ya zama fanko, ruwa ya zo ya tarar da mu hannu rabbana. Na cikinki kuma me zai ci?"

Na miƙe tsaye. Ni da ko ido ba na haɗawa da ita, na ce, "Wane ruwa? Duniya ta ƙare kina maganar baɗi! Kin fi son ƙasa da jininki." Haka na faɗa wa uwar mijina. Kuma ko yau aka mayar da ni ranar nan, haka zan sake faɗa, don ni uwa ce.

Washegari da na shiga duba yarinyar, sai na ga tulu a tsakar ɗaki, laka a fashe, ciki wayam. Na fita da ƙaton cikina na yi gabas. Ga Inna can a kufai tana sara da sungumi, aminiyarta na biye tana jefa iri tana rufewa da dunduniya. Ƙasa ƙamas, sama fes, ko gajimare babu. Binne suke yi, wato shuka a busasshiyar ƙasa a bar iri ya jira ruwa. Kowa ya san binne, amma a farkon damina ake yi, lokacin da kake da ragowar iri a gida. In yayyafi ya taɓa shi ya tsiro ya mutu, in ruwa ya yi jinkiri kurciya da ɓera su tone. Babu mai hankalin da zai yi shi da ƙwaryarsa ta ƙarshe bayan shuka biyu sun ƙone.

Na faɗi a kan gwiwoyina na kama tonon ƙasa da yatsu. Me zan samu? Ƙwaya uku nan, huɗu can, sun cakuɗe da yashi da toka. Inna ta zo ta tsaya a kaina.

"Bar shi, Amarya. In yana ɗaki ba zan iya ba. Jiya da kika fita sai da na ɗora hannu a kan lakar. Ƙasa ta fi ni ƙarfin zuciya."

Na ɗaga kai. Hawaye ya yi hanya a cikin ƙurar fuskarta. Ban taɓa ganin kukanta ba sai ranar, ko da mijinta ya rasu. Ta juya ta ci gaba da sara.

Takwara ba ta kai Juma'a ba. A bayan Inna ta cika, goye. Ita ta kwance ta, ita ta yi mata wanka. Daga ranar magana ta yanke tsakaninmu, sai gaisuwar safe, ita ma don kada a ce.

Kwanaki suka yi ta wucewa babu ɗigon ruwa. Baffa ya ɗaure kayansa, jakuna na ƙofar gida. Ana jibi za su tashi, bayan azahar, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso ta kwashe jinkar ɗakuna, sannan ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ba yayyafi ba, ruwa na gaske, irin wanda ke ratsa ƙasa har gwiwar hannu. Tsofaffi suka fito suka tsaya a cikinsa suna salati. Amma da ya ɗauke sai kuka ya tashi a gidaje, don ga ruwa ya zo babu abin shukawa.

Bayan 'yan kwanaki wani ya shigo ƙauye da gudu yana cewa a zo a gani. Muka fita, har da ni. Duk inda ido ya kai, gonaki ne jajaye babu ko tsinke. Sai kufai kaɗai. Layi-layi, kore shar, daga gindin wannan kuka zuwa waccan, a kan garin mutanen da suka zauna jiran faɗowar sama. Jama'a suka jeru a bakin gona babu mai tari. Ni da zuciyata ke cike da haushin Inna, sai ga ni tsaye a cikinsu. Na ji tsoron Allah irin wanda ban taɓa ji ba, na kuma ji tsoron gajeriyar tsohuwar nan da ke duƙe a tsakiya tana cire ciyawa, ba ta ko waiwayo mu ba.

Baffa ya daɗe a tsaye. Can ya ce, "Allahu akbar." Ya koma gida ya kwance kayansa, ya dawo da fartanya a kafaɗa. Liman guda yana noma gayaunar mace! Inna ta dube shi ta ce, "Malam, bi a hankali, ba tafiyar gabas ba ce, kada ka sare mini yabanya."

Geronta mai saurin nuna ne, ruwan kuma ya kai shi da ƙyar. Duk ƙauye ya zama mai gadinsa, kuma duk yunwar nan ba a samu wanda ya karya zangarniya ɗaya ya gasa tumu ba. Da ya nuna, sai da ta fara zaɓen iri ta cika tulu, ta raba wa kowane gida nasa tafin, har hayin rafi, sannan aka taɓa sauran. Waɗanda suka riga suka yi gabas kuwa, har yau ba mu san inda ƙasa ta rufe su ba.

A kakar nan na haifi ɗana namiji. Inna ta dama mini kunun jego da geron nan, ta riƙe mini ƙwaryar da hannunta. Na sha, na sha, ina jin ƙarfi na komawa jikina, nono na kawowa. Sai na miƙa mata ludayi na ce, "Inna, ki kurɓa." Maganar kirki ta farko ke nan da na yi mata tun ranar binne. Ta kau da kai ta ce, "Ɓata mini ciki yake yi."

Shi ke nan fa. Fura, koko, kunu, tuwon gero, duk ta bar su. Dawa take ci, daga baya masara. A gidan suna in an miƙo mata fura sai ta ture da bayan hannu. Kowace kaka kuwa, damin farko nata ne. Ta surfa, ta jiƙa, ta dama koko babbar tukunya, ta tara yaran unguwa, ta zauna da ludayi tana kallon bakinsu, tana daka wa mai zubarwa tsawa. Ba ta taɓa cewa sadakar wa take yi ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Mun yi faɗa a kan gishiri, mun yi a kan sabulu da tarbiyyar jikoki, amma maganar ranar nan ba ta sake fitowa daga bakin ɗayanmu ba. In jikoki sun zo da wayoyinsu suna cewa yanayi ya rikice, zafi ya ƙaru, duniya ta kusa tashi, sai ta ce, "Ai kullum tana kusa. Je ka ɗauko fartanya."

Ranar Talatar nan, ta kwana biyu ba ta ci komai ba, ta buɗe ido ta ce, "Amarya, dama mini kunu. Na gero."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta sake faɗa. Ga shi bazara ta yi nisa, geron rumbunmu ya ƙare, sai dawa. Ban yi wani tunani ba na duƙa na jawo tulun daga ƙarƙashin gado. Matar da ba ta iya ɗaga kanta daga matashi, sai na ji ta damƙe mini wuyan hannu.

"Ke! Abin da na hana Takwara, ni zan sha? Mayar."

Na mayar. Na zaga bayan gida wajen aminiyarta, ta sa aka ɗebo mini a rumbunsu, jikan jikan geron da ita da Inna suka binne. Na surfa, na niƙa, na dama da hannuna, hawaye na ɗiga a zanina. Na ɗago ta na jingina da ƙirjina na kawo ludayi, sai ta rufe baki.

"Kin yafe mini?"

Na ce, "Inna, ɗan da na haifa da geron nan ga shi can a zaure da 'ya'yansa da jikokinsa."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Shekarun nan duka ban san ko kunun nan zai tsayar da 'yata ba, Inna ma ba ta sani ba, kuma babu mai gaya mana. Na ce, "Na yafe, Inna, duniya da lahira. Ni ma ki yafe mini."

Ta buɗe baki. Ta kurɓa kaɗan, ta riƙe shi a baki kafin ta haɗiye, ta sake kurɓa. Sannan ta ce, "Ashe yarinyar nan ta san abin da take nema."

Maganarta ta ƙarshe ke nan in ban da kalmar shahada. Ɗan da ke cikina ranar binne, shi ya shiga kabari ya karɓe ta. Tulun yana nan ƙarƙashin gadona da lakarsa, mai sayen hatsin Dawanau ya ji amsarsa.

Ya Allah, ga Inna nan ta zo maka da fason ƙafarta. Ka yafe mata kurakuranta, ka sanyaya makwancinta, ka sa abin da ta shuka ya bi ta. Ka haɗa ta da waccan matar ta kufai da ba mu san sunanta ba. Ka kuma haɗa ta da Takwararta, ka ba ta ludayi a hannu, a gidan da ba a liƙe bakin tulu.